Rashin Sani da Ƙin Sani: Dokar Bayyana Fentin Dalma a Cinikin Tsofaffin Gidaje a Amurka



GABATARWA

Abin da zan yi magana a kansa yau wata doka ce ta ƙasar Amurka, wadda ta wajabta wa duk mai son sayar da tsohon gida ya bayyana wa mai saye abin da ya sani game da fentin dalma da ke jikin gidan. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da dokar Amurka, balle fenti? Amsar ita ce, dokar nan ɗungurungum ɗinta a kan kalma guda ta rataya, watau kalmar "sani", kuma auna nauyin kalma aikin mai nazarin harshe ne. Haka nan kuma, abin da ake ciniki a kansa a nan ya wuce bulo da katako. Ƙwaƙwalwar yaro ƙarami ce, wanda ba ya wurin cinikin, ba a kuwa nemi sa hannunsa ba.

Zan fara da bayanin illar dalma, sa'an nan in kawo tarihin yadda aka kai ga dokar da abin da ta ƙunsa, kana in nuna inda ta gaza. Daga ƙarshe mu ɗora ta a kan ma'aunin da muka gada na ciniki, mu ga abin da za mu ɗauka.

DALMA DA FENTI

Dalma ƙarfe ce mai taushi da nauyi, wadda maƙeranmu suka daɗe da sani. Masu yin fenti sun so ta ƙwarai, domin kuwa tana sa fenti ya bushe da wuri, ya yi ƙarko, ya jure wa danshi, ya kuma riƙe launinsa. Akwai farar dalma, wadda aka riƙa shafe bango da katako da ita. Akwai ja, wadda ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Akwai kuma wadda ake samun launin rawaya daga gare ta. A wasu tsofaffin fenti, dalma takan kai rabin nauyin busasshen fentin.

Muddin fentin yana lafiya lau a jikin bango, haɗarinsa kaɗan ne. Ɓarnar takan fara ne idan ya tsufa, ya tsattsage, ya soma ɓanɓarewa, ko kuwa a wuraren da ake yawan guga, kamar bakin ƙofa da matakala da tagogin katako waɗanda ake turawa sama da ƙasa a gidajen Amurka. A nan fentin yakan niƙe ya zama ƙura mai laushi, wadda ido ba ya rarrabe ta da sauran ƙura. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan gubar ta shiga. Daɗin daɗawa, ɓawon fentin dalma yana da ɗan zaƙi, saboda haka yaron da ya ɗanɗana sau ɗaya yakan koma.

Jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da zai yi da dalma, amma yakan ɗauke ta a matsayin sinadarin kalsiyam, wanda ake gina ƙashi da haƙori da shi. Don haka sai ya buɗe mata ƙofa ta shiga jini, ta kai ƙwaƙwalwa, ta taru a ƙashi, inda za ta iya zama shekaru da dama. Mace mai ciki tana iya fitar da dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya, ta isa ga ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa, kuma babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Idan ta yi yawa, sai suma da jijjiga da mutuwa. Idan kaɗan ce, ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba wata alama; sai dai yaro ya isa makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya komawa daidai.

YADDA AKA KAI GA DOKAR

Sanin wannan illa ba sabon abu ba ne. A shekarar 1904 wani likita a garin Brisbane na ƙasar Ostireliya, mai suna Lockhart Gibson, ya nuna cewa gubar da ke kama yaran garin daga fentin katakon baranda take fitowa. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen shafe cikin gine-gine, ƙasashen Turai da yawa suka amince da ita. Amurka ba ta shiga wannan yarjejeniya ba. Birnin Baltimore ya hana shafa fentin dalma a cikin gidaje a 1951, Majalisar Dokokin ƙasar ta yi dokar farko ta yaƙi da gubar fenti a 1971, amma sai a 1978 aka hana sayar da shi don amfanin gida a ƙasar baki ɗaya. A lokacin aka ƙayyade cewa kada dalma ta wuce kashi 600 cikin miliyan a sabon fenti, a 2009 aka rage zuwa kashi 90. Ku lura, tsakanin gargaɗin Gibson da wannan hani shekara 74 ce.

Shekara guda bayan hanin, watau a 1979, wani likitan yara mai suna Herbert Needleman ya wallafa binciken da ya canza tunanin masana. Shi da abokan aikinsa sun tattara haƙoran da yaran firamare fiye da 2,000 suka famfare a garuruwan Chelsea da Somerville na jihar Massachusetts, suka auna dalmar da ke ciki. Sai suka ga yaran da haƙoransu suka fi dalma sun fi raunin fahimta a gwaji, malamansu kuma sun fi kuka da rashin natsuwarsu, alhali ba wanda aka taɓa cewa yana da ciwon gubar dalma a cikinsu. Irin wannan bincike ne ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi ta rage adadin da take ɗauka abin damuwa a jinin yaro. Ana auna shi da maikurogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace desilita ta jini. A shekarun 1960 adadin 60 ne. Ya koma 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, kana 3.5 a 2021.

To, hanin 1978 ya tsai da sabon fenti, amma bai kankare ko taga ɗaya ba. Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin 100 na gidajen da aka gina kafin 1940 suna ɗauke da fentin dalma, kashi 69 na waɗanda aka gina daga 1940 zuwa 1959, da kashi 24 na waɗanda aka gina daga 1960 zuwa 1977. Gidaje ne miliyoyi, kullum ana sayar da su, ana ba da hayarsu. Gwamnati ta ga kankare su duka ya fi ƙarfin aljihunta, sai ta zaɓi hanya mai araha, watau tilasta magana. A watan Oktoba na 1992 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a kan dokar rage haɗarin fentin dalma a gidajen zama. Sashe na 1018 na dokar shi ne ya shafi ciniki, ƙa'idojin aiki da shi kuwa sun soma aiki a 1996.

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

Dokar ta shafi kusan duk gidan zama da aka gina kafin 1978. Kafin yarjejeniya ta hau kan mai saye, tilas ne mai sayarwa ya cika sharuɗɗa biyar.

Na farko, ya ba mai saye wani ɗan littafi da gwamnati ta tsara, mai bayanin illar dalma da yadda ake kare iyali daga gare ta. Na biyu, ya faɗi duk abin da ya sani na fentin dalma a gidan, da wurin da yake, da halin da yake ciki. Na uku, ya miƙa duk wata takarda ko rahoton awo da ke hannunsa. Na huɗu, a sa sakin layi na gargaɗi a cikin takardar cinikin, mai sayarwa da mai saye da dillali duk su sa hannu, su rubuta kwanan wata. Na biyar, ya ba mai saye kwana 10 ya kawo masanin da zai auna gidan. Suna iya daidaitawa a kan ƙari ko ragin kwanakin, mai saye kuma yana iya yafe haƙƙin nan a rubuce. Ana ajiye takardun shekara 3.

Dillali ma bai tsira ba. An ɗora masa nauyin sanar da mai gida wajibinsa, da tabbatar da cewa ya cika shi, domin ba a yarda ya karɓi la'ada ya bar alhaki ba. Mai ba da haya shi ma tilas ya bayyana, sai dai ɗan haya ba shi da kwana 10 na awo. An keɓe wasu gidaje, alal misali hayar da ba ta wuce kwana 100 ba, da gidan da aka yi gwanjonsa saboda bashi. Wanda kuwa ya karya dokar da gangan, ban da tarar gwamnati, mai saye yana iya kai shi kotu ya biya ninki uku na hasarar da ya jawo. Duk da haka, dokar ta ce rashin bayyanawar ba ya warware cinikin kansa.

Wannan babban canji ne. Shari'ar da Amurka ta gada daga Ingila ta daɗe a kan ƙa'idar nan da ake faɗa da Latin, caveat emptor, watau mai saye ya buɗe idonsa. Ƙa'idar tana da ma'ana idan aibin abin gani ne, kamar tsagar bango ko yoyon rufi. Amma wane ido ne zai hangi fentin 1950 a ƙarƙashin shafe biyar na sabon fenti? Sayen irin wannan gida ba tare da bayani ba cinikin biri a sama ne, ko da mai saye ya zagaye ɗakunan sau goma.

INDA DOKAR TA GAZA

Yanzu mu komo kan kalmar da na ambata tun farko. Takardar da mai sayarwa ke cikawa tana da gurbi biyu. A ɗaya yana cewa ya san akwai fentin dalma, ga bayaninsa. A ɗayan yana cewa ba shi da masaniya. Dokar ba ta tilasta masa ya auna gidan ba, ba ta kuma tilasta masa ya gyara ba. Abin da ya sani kaɗai ta nema.

A Hausa muna iya rarrabe halaye huɗu na mai sayarwa. Akwai ƙarya, watau ya san akwai, ya ce babu. Akwai ɓoyo, watau ya san akwai, ya yi shiru. Akwai rashin sani, watau bai sani ba, ba kuma abin da ya taɓa jawo hankalinsa. Sa'an nan akwai ƙin sani, watau yana zato mai ƙarfi, hanyar tabbatarwa tana gabansa, amma ya kau da kai don kada sanin ya zame masa kaya. Dokar 1992 ta kama na farko da na biyu, ta yafe wa na uku, wanda daidai ne. Na huɗu kuwa ya sa rigar na uku ya wuce ta gabanta.

Ku duba lissafin. Mutum yana da gidan da aka gina a 1925. A ƙiyasin gwamnatinsa, kusan 9 cikin 10 na irin gidan suna da fentin dalma. Akwai na'urar hannu mai aiki da hasken eksire, wadda ake ɗora wa bango ta karanta dalmar da ke cikin dukan shafe-shafen nan take, ba tare da an kankare ba. Idan ya kira mai awo, rahoton ya zama takardar da tilas ya miƙa wa duk wanda ya zo taya gidan, wataƙila kuɗin ya faɗi. Idan bai kira ba, sai ya cika gurbi na biyu, bai kuwa yi ƙarya ba a idon doka. Ashe dokar da aka yi don yaɗa sani ta sa jahilci ya zama jari. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ga mai ƙin sani duhun nan mafaka ne.

Saura kwana 10 na mai saye, wanda shi ne garkuwa ta gaskiya a cikin dokar. Sai dai kuɗin awon daga aljihunsa zai fito, kuma inda masu neman gida suka yi yawa, wanda ya yafe awo shi mai gida ya fi so. Takardar dalma kuwa ɗaya ce daga cikin tarin takardun da ake miƙo masa ya sa hannu. Talaka ɗan haya, wanda ya fi kowa zama a gidajen da suka lalace, shi ne aka bari ba tare da haƙƙin awon ba. Wasu jihohi kuwa suna da nasu matakin da ya wuce wannan. Tun 1971 jihar Massachusetts ta wajabta wa mai tsohon gida ya cire ko ya rufe fentin dalma mai haɗari muddin akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a gidan. A can an wuce batun "me ka sani", an kai ga "me ka yi".

Kada a fahimce ni da cewa dokar banza ce. Ta sa duk mai sayen tsohon gida ya ji sunan haɗarin kafin ya biya, ta hana a binne rahoton da aka riga aka yi, ta kuma ba iyayen yaron da aka cuta takardar da za su riƙe a gaban alƙali. Abin da nake nunawa shi ne iyakarta.

A KAN MA'AUNINMU

Jama'a masu sauraro, wajabcin bayyana aibi ba baƙo ba ne a gare mu. Kowa ya san labarin da ya zo a hadisi na mai sayar da abinci a kasuwa, wanda ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya taɓo danshin, ya tsawata masa. Tsohon fenti a ƙarƙashin sabo, ai shi ne jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya jera ɓoye aibi tare da algus da yaudara cikin abubuwan da aka haramta a ciniki. Malaman Malikiyya har sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, ba a komawa kansa, matsakaici, wanda ake mayar wa mai saye kuɗin da ya ragu, da babba, wanda ke ba shi ikon mai da gidan ya karɓi kuɗinsa. A wannan fuska fiƙihu ya ba mai saye abin da dokar Amurka ta hana shi, watau warware ciniki. A ɗaya fuskar kuma, dokar Amurka ta zo da abin da muke da ƙarancinsa, watau rubutu da sa hannu da wa'adi da ajiyar takarda.

Ita ma gubar ba baƙuwa ba ce. A 2010 aka gano annobar gubar dalma a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Tushenta niƙan duwatsun zinariya ne a cikin gidaje, amma hanyar shigarta jiki ita ce dai wadda na bayyana: ƙura, hannu, baki. Game da fenti kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan fentin da ake sayarwa a Nijeriya ya sami dalma mai yawa a mafi yawan waɗanda aka auna. Ma'anar wannan ita ce, shekarar 1978 iyaka ce ta Amurka kaɗai; kada wani ya ɗauke ta ya auna gidan Kaduna ko Damagaram da ita. Farar ƙasa da fentin ruwa ba su ne abin tsoro ba. Fentin mai ne, musamman rawaya da ja da kore, irin wanda muke shafa wa ƙofa da taga da ƙarfen baranda da ajin makaranta.

Ma'aikata a cikinku sun san tsofaffin gidajen gwamnati da na reluwe, waɗanda aka shafe ƙofofinsu da fentin mai shekara bayan shekara tun zamanin Turawa. Sun kuma san cewa daga 2005 Gwamnatin Tarayya ta sayar da dubban gidajenta a Abuja. Ana raba irin waɗannan gidaje, ana sayarwa, ana gado. Al'adarmu kuma ita ce, mai sayarwa ya sa a kankare bango a shafa sabon fenti kafin dillali ya kawo mai taya. Kankarewa a bushe kuwa, ko ƙona fenti da wuta, ita ce hanya mafi sauri ta cika gida da ƙurar dalma. Sai gida ya yi kyan ɗan maciji.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, ina ba da shawara uku. Ga masu tsara doka a cikinku, da waɗanda za su zama su gobe: duk dokar bayyanawa da ta tsaya a kan "abin da ka sani" ta bar ƙofa a buɗe. A haɗa ta da wajabcin bincike inda zato ya yi ƙarfi, a kuma fara da gwamnati, tun da ita ce babbar mai gidaje. Ga mai saye da ɗan haya: ka tambayi shekarar da aka gina gida da irin fentin da aka shafa, ka nemi amsa a rubuce. In za a yi gyara, a fitar da yara da mai ciki, a jiƙa bango kafin a kankare, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a riƙa wanke hannun yara kafin cin abinci. In akwai zato, awon jini ne kaɗai ke tabbatarwa.

Ga mai sayarwa kuwa, maganar ta fi doka zurfi. "Ban sani ba" jimla ce mai kalma uku, mai gaskiya da mai ƙin sani duk da lafazi ɗaya suke furta ta, ba kuwa alƙalin da zai iya rarrabe su da kunne. Mai furtawar ne kaɗai ya san wadda ya yi. Kafin ya furta, ya kamata ya tambayi kansa, da jikansa ne zai yi rarrafe a ɗakin nan, zai tsaya a kan "ban sani ba", ko zai tashi ya bincika? Amsar da ya ba kansa ita ce haƙƙin ɗan wani a kansa.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya kare mana zuriyarmu, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a wurin ciniki.